Na ɗora Windows 11, sawun kad ɗina ya daina aiki kwata-kwata, wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Mai_Rikodin:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin abin ku agaza min, yau kwana uku kenan ina fama da abu ɗaya har kaina ya ɗau zafi.

Ina da sawun kad na waje, wato akwatin da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta, irin na USB mai ramin makirufo takwas, tun 2012 nake aiki da shi bai taɓa ba ni ciwon kai ba, kwamfuta uku ya cinye yana nan daram, ya yi Windows 7 ya yi 10 duk lafiya lau. Da shi nake ɗaukar hira da wasan kwaikwayo na murya, wani lokacin mutum shida a zaune kowa da makirufonsa, shi ya sa ƙaramin mai rami biyu ba zai yi min ba. To da na ga Windows 10 an daina ba shi afdet tun 14 ga Oktoban 2025 sai hankalina ya ƙi kwanciya, kwamfutar kuma ta cika duk sharuɗɗan 11 har da TPM ɗin nan na tsaro da ake ta magana, sai na ce bari in yi abin da kyau, na kwashe fayilolina a had disk na waje, na yi fomat na ɗora 11 sabo fil daga filash.

Komai ya tashi, Wi-Fi da firinta da duk sauran tarkace, sai shi kaɗai. Idan na jona shi fitilarsa ta wuta tana kamawa, in na danna 48V (wutar da makirufo kondensa ke bukata) ma fitilar tana ja, in na yi magana a makirufo ƴan fitilun nan kore na gaba suna motsi, ma'ana akwatin da ransa. Amma kwamfutar ta yi kamar ba ta san shi ba. A cikin manhajar da nake rikodin da ita babu sunansa a jerin ASIO (hanyar da manhajar rikodin ke magana da sawun kad), a saitin sauti na Windows ma babu shi sai sifikar laftof ɗin kawai.

Na je shafin kamfanin da ya ƙera shi (ba zan kama suna ba) na tarar sun jefa shi cikin jerin tsofaffin kayan da suka daina kula da su, direban ƙarshe da suka saki (manhajar da ke sa Windows ya gane akwatin) na zamanin Windows 8.1 ne, kuma shi ɗin dai nake amfani da shi a 10 duk shekarun nan. Na sauke shi na yi instol, ya tafi har ƙarshe bai yi gardama ba, na yi ristat sai wani saƙo ya fito a gefe wai direba ba zai iya loduwa a wannan na'urar ba. A Device Manager kuma yana nan da ƴar alamar nan rawaya mai motsin rai. Na cire na mayar ya fi sau biyar, na canja kebul, na gwada duk ramukan USB ɗin, shiru.

Ranar Asabar ina da ɗauka mutum biyar za su zo, kuma na riga na sa musu lokaci. Shin akwatin nan ya zama tarihi kenan ko akwai dabara? Wallahi sautin firiyam ɗinsa (ɓangaren da ke ƙara wa makirufo ƙarfi) har yau ban ji wanda ya kwanta min kamarsa ba, ba na son in rabu da shi a kan abin da ban ma gane ba.

Abu_Bit:

Wa alaikumus salam. Malam kafin ka yi nisa duba izinin makirufo tukunna, shi ne ke kayar da mutane da yawa. Shiga Settings, Privacy & security, Microphone, ka tabbata na sama a kunne yake sannan ka gangara ƙasa akwai na manhajojin desktof shi ma ka kunna. Ni ya taɓa yi min haka tun afdet ɗin Afrilun 2018 na Windows 10, na kwana ina zargin kebul ashe maɓalli ɗaya ne.

In ba shi ba ne kuma tunda ka ce kwana uku ne kawai ai da sauranka, Windows yana ba da kwana 10 ka koma wanda ka baro. Settings, System, Recovery, za ka ga Go back, ka danna ka koma 10 ɗinka ka yi aikin Asabar cikin kwanciyar hankali, daga baya ka zauna ka yi bincike. Kada dai ka goge foldar Windows.old.

Mai_Rikodin:

Na gode ɗan uwa. Izinin makirufo na duba duk a kunne suke. Shi kuma Go back ɗin ya dusashe ba ya dannuwa, kuma babu wata folda Windows.old a C, ina ga saboda fomat na yi ne ba afgired a kan tsohon ba. Da na san haka ne ai da ban share ba, amma bakin alƙalami ya bushe.

Injiniyan_Sauti:

Ƙanena kwantar da hankalinka, akwatinka bai mutu ba, kai da bakinka ka faɗa, wuta na kamawa mita na motsi. Abin da ya faru shi ne tafintan da ke tsakaninsa da kwamfutar aka tare a bakin ƙofa. Shi direba ai aikinsa kenan, akwatin yana magana da yarensa Windows yana nasa yaren, direba ne ke fassara, in babu shi sai dai su yi ta kallon juna.

Abu na farko da nake so ka yi, a Device Manager danna kan na'urar sau biyu ka karanta abin da ke cikin akwatin Device status, akwai lamba a ƙarshen rubutun, ita ce za ta faɗa mana inda gizo ke saƙa. In Code 52 ne matsalar sa hannu ce, wato Windows bai gamsu da hatimin direban ba. In Code 10 ne direban ya shiga amma na'urar ta ƙi tashi, wannan kuma yana da dalilai barkatai. In kuma Code 39 ne, wanda daga saƙon da ka ce ya fito maka shi nake kyautata zato, to kusan na san mai laifin.

Akwai wani tsaro da ake kira Memory integrity, yana ƙarƙashin Core isolation. A Windows 10 yana nan amma a yawancin kwamfutoci a kashe yake, kai ma ina da tabbacin a kashe yake a taka shi ya sa ka yi shekaru ba ka san da shi ba. A 11 kuma idan ka ɗora sabo daga fomat a kan kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, da kansa yake zuwa a kunne. Ka ga da afgired ka yi a kan tsohon da wataƙila ma ba ka ci karo da wannan ba, tsaftar da ka so yi ce ta jawo.

Aikinsa shi ne yana gadin tsakiyar sistem, wurin da ake kira kanel, inda direbobi ke zama da cikakken iko. Dokarsa guda ɗaya ce mai tsauri, ba a yarda wani yanki na memori ya zama ana iya rubutu a kansa kuma ana iya gudanar da shi a matsayin umarni a lokaci guda ba, saboda ta irin wannan kafar ɓarayi ke cusa nasu umarnin. To direbobi da yawa na shekarun baya haka aka rubuta su, ba don mugunta ba, a lokacin babu mai hana su. Yanzu da mai gadi ya zo sai ya ce wa direbanka tsaya nan. Shi ya sa instol ɗin ya tafi lafiya, fayilolin sun kwafu, a wajen lodawa ne aka hana shi.

Yadda za ka gwada, buɗe Windows Security, Device security, Core isolation details, in ka ga Memory integrity a kunne kashe shi ka yi ristat, akwatin a cire, bayan ta tashi sai ka jona. In ya fito to mun kama ɓarawon. Kuma in kana son shaida ƙarara, daga baya gwada sake kunna shi, zai ƙi, ya ba ka jerin direbobin da ba su dace ba, za ka ga fayil mai ƙarewa da .sys da sunan kamfanin akwatinka a jiki.

Wani abin kuma da ya kamata ka sani don gaba, sawun kad na USB iri biyu ne. Akwai masu bin ƙa'idar USB Audio Class, ana ce musu class compliant, su yarensu kowa na ji, ka jona a Mac ko Linux ko ma iPad su tashi ba tare da ka sa komai ba, Windows ma tun 10 bugun 1703 na 2017 yake da direbansa na cikin gida na USB Audio 2.0. Sai kuma masu yaren gida, waɗanda babu mai jin su sai direban kamfaninsu. Kafin 2017 tunda Windows ba shi da direban USB Audio 2.0 ɗin, kamfanoni da dama masu ƙera masu rami da yawa sai kowa ya ƙirƙiri hanyarsa, kuma naka na 2012 mai rami takwas da ka jona Windows 11 bai ba shi ko sitiriyo ba kafin ka sa direba, alama ce yana cikin waɗannan. Irinsu ransu yana hannun kamfanin ne, ranar da suka daina rubuta direba ranar agogonsa ya fara ƙirge, ko da ƙarfen zai yi shekara talatin.

Duba lambar ka dawo mana.

Dan_Fulogin:

Ni ban ga abin dogon turanci ba, ka sauke ASIO4ALL kawai oga, kyauta ne kuma yana tada kowane sawun kad. Ni da shi nake aiki shekara da shekaru ban taɓa sa direban kamfani ba.

Injiniyan_Sauti:

A'a Dan_Fulogin, a nan ba zai yi ba, kuma gara a faɗa kar ya ɓata daren banza. ASIO4ALL ba direban na'ura ba ne na gaskiya, riga ce ake ɗora wa direban Windows na yau da kullum (WDM) da ke aiki tun farko don manhajar rikodin ta gan shi kamar ASIO. Naka yana yi ne saboda Windows ya riga ya san akwatinka yana magana da shi. Nasa kuwa Windows ɗin ne bai san da shi ba sam, ai riga sai da wuya, in ka buɗe shi ba abin da zai nuna maka sai sawun kad ɗin cikin laftof.

Kuma ko da ya yi, mai ɗaukar mutum biyar lokaci guda yana bukatar direban asali da ƴar manhajar mikisa ta kamfanin, don a nan ake tura sauti zuwa hedifon kai tsaye ba tare da ya zagaya ta kwamfuta ba. Shi ASIO ɗin kansa Steinberg ne suka ƙirƙiro shi don sauti ya tsallake mikisar Windows ya tafi kai tsaye, to in ka bi ta riga ka rage amfanin.

Maman_Mikis:

Sannu ɗan uwa, na karanta labarinka sai da na yi dariyar takaici don ni ma na sha wannan, sai dai ni a ɓangaren Mac ne kuma nawa ba USB ba ne, mai tsohon ramin FireWire ne, wanda ya fi naka muni nesa ba kusa ba.

Nawa mai rami takwas ne shi ma, FireWire 400. Da kwamfutoci suka daina zuwa da ramin sai na koma haɗe-haɗe, kebul daga 400 zuwa 800, daga nan adafta daga FireWire 800 zuwa Thunderbolt 2, sai wata adaftar daga Thunderbolt 2 zuwa 3, abu ya zama kamar jelar ɓera a bayan tebur, in wani ya ɗan taɓa tebur ɗin gabana sai ya faɗi. Amma fa yana aiki, ban taɓa rasa ɗauka ba.

Sai 2019 da sabon sistem ɗin Mac mai suna Catalina ya fito na danna afdet da daddare ina hamma. Shi kuma Catalina shi ne ya rufe ƙofa ga duk manhajojin 32-bit, Mojave ne na ƙarshe da ke buɗe su. Kuma in faɗi gaskiya an yi ta gargaɗi, sama da shekara lokaci-lokaci in na buɗe manhajar mikisar akwatin sai saƙo ya fito cewa tana bukatar sabuntawa, ni kuma in danna OK in wuce kamar ba da ni ake ba. Washegari abin ban haushi shi ne sauti yana shiga yana fita, direban ya tsira, amma manhajar mikisar ta ƙi buɗuwa an ɗora mata da'ira mai layi a karkace, kuma a nawa akwatin babu maɓallin 48V a jiki, daga cikin manhajar ake kunna shi. Ga makirufo kondensa guda huɗu a tsaye ba wuta. Na rubuta wa kamfanin suka amsa min da ladabi cewa wannan samfurin ya kai ƙarshen rayuwarsa.

Daga baya ma abin gaba ya ƙara yi. Da Mac masu M1 suka zo a ƙarshen 2020 tsofaffin direbobin kanel, waɗanda ake kira kext, sai an sake gina su don sabon firosesa, Rosetta 2 tana fassara manhajojin Intel amma ba ta taɓa kext. Wanda aka sake ginawa ma sai ka shiga Recovery ka sassauta tsaro zuwa Reduced Security kafin ya lodu. Sannan sistem ɗin Mac na 2025, Tahoe, ya cire FireWire ɗin gaba ɗaya, duk adaftar da za ka jera ba ta da amfani.

Abin da na yi, na mayar da tsohuwar Mac ɗin Mojave daga Time Machine, na kashe afdet na atomatik, na cire ta daga intanet, ba ta komai sai rikodin. Har yau tana nan tana yi. Imel da sauran hidima suna wata kwamfutar.

Sannan ka leƙa bayan akwatinka ka gani ko akwai ƴan ramukan nan masu murfi da jan haske ke fitowa, an rubuta ADAT ko optical OUT. In akwai, kuma in yana iya aiki shi kaɗai ba kwamfuta, to ko ranar da direban ya mutu murus firiyam ɗin da kake so ba su tafi ba. Sai ka samu ƙaramin sabon sawun kad mai ADAT IN ka haɗa su da kebul ɗin haske, tsohon ya zama firiyam takwas kawai sabon ya yi magana da kwamfuta. Kebul ɗaya yana ɗaukar layi 8 a 44.1 ko 48, in ka hau 96 ya ragu zuwa 4. Sai dai yawanci sai ka shiga manhajarsa ka saita hanyoyin ka adana a jikin akwatin, don haka in Allah Ya sa ya tashi ko na awa ɗaya ne fara yin wannan kafin komai.

Sarkin_Fada01:

Yaya Injiniya bayaninka ya fita amma ina da ja a wuri ɗaya, kada mutane su karanta su ɗauka kashe Memory integrity kamar kashe fanka ne. Ba don ado aka kunna shi ba. Akwai salon kutse sananne inda mugu ke zuwa da tsohon direba mai sa hannu na halal amma mai rauni, ya loda shi ya bi ta cikinsa ya shiga kanel, daga nan ko antibayiros ɗin ma sai ya kashe. Saboda irin haka ne ma Windows 11 tun bugun 22H2 yake zuwa da jerin direbobi masu rauni da yake toshewa a kunne. Mutumin nan ya bar Windows 10 ne saboda tsoron rashin tsaro, in ya zo 11 ya cire mai gadi kuma a kwamfutar da yake buɗe imel da asusunsa to an gudu ba a tsira ba.

Ni da ni ne zan sa SSD na biyu ko in raba wanda ke ciki, in ɗora Windows 10 a gefe don rikodin zalla, ba burawuza ba komai, Wi-Fi a kashe, 11 kuma a bar shi da tsaronsa cikakke. Lokacin kunnawa ka zaɓi wanda za ka shiga. In ma kana son 10 ɗin ya ci gaba da samun facin tsaro akwai shirin ESU na masu amfani na gida da ya kai har 13 ga Oktoban 2026.

Kuma don Allah kada ka bi bidiyoyin da ke cewa ka kashe tilascin sa hannun direba ko ka sa kwamfuta a test mode ka bar ta haka, balle ka sauke wani direba wai an gyara shi daga shafin da ba ka sani ba. Wannan kai ka buɗe ƙofar da hannunka.

Injiniyan_Sauti:

Ban ƙi taka ba Sarkin Fada, gaskiya ka faɗa. Ni gwaji na ce ya yi don mu san cutar, kuma mutum yana da aiki jibi, ba zai zauna raba disk a daren jajibiri ba. Ya kashe ya yi aikinsa, in ya samu sarari ya yi yadda ka ce. Ni kaina kwamfutar sitidiyona ba ta shiga intanet sai ranar da zan sabunta lasisin fulogin.

Mai_Rikodin:

Jama'a Allah Ya saka da alheri, na dawo da labari. Yaya Injiniya kamar kana tsaye a bayana, Code 39 ne. Na shiga inda ka ce na tarar da Memory integrity a kunne, na kashe na yi ristat na jona, sai na ji ƴar ƙarar nan ta USB, alamar rawaya ta ɓace, na buɗe manhajar rikodin sai ga sunansa a ASIO da layukansa takwas reras. Wallahi sai da na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki. Na kuma gwada mayar da shi a kunne don in gani, ya ƙi, ya nuna min fayil biyu na .sys duk na kamfanin, har da shekarar 2014 a jikin ɗaya.

Amma akwai sauran rina a kaba. Da na yi gwajin ɗauka da makirufo uku, kamar duk bayan minti ɗaya ko biyu sai in ji ƙas a hedifon, ɗan ƙaramin tsinkewa kamar an taka busasshen ganye, kuma ya shiga cikin fayil ɗin don na zuƙo hoton sautin na ga inda layin ya karye. A 10 da bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa) 128 nake aiki ban taɓa jin haka ba. Na ɗaga zuwa 256 ya ragu amma bai tafi ba. Sannan sau ɗaya da na bar shi na fita kamar minti ashirin na dawo na tarar manhajar tana cewa na'urar ta ɓace sai da na zare na mayar.

Hajiya Maman_Mikis na leƙa baya da tocila, akwai su, IN da OUT, shekara goma sha uku ban taɓa cire musu murfi ba. A manhajar kuma na ga wani wuri da aka rubuta a adana saiti a jikin na'ura, na tura layi 1 zuwa 8 zuwa ADAT na adana kamar yadda kika ce. Sarkin Fada shawararka ita zan bi, akwai ramin SSD na biyu a laftof ɗin, bayan Asabar zan zauna a kai. Yanzu dai wannan ƙas-ƙas ɗin ne ya tsaya min a rai.

Injiniyan_Sauti:

Madalla. Wannan kuma ba direban ba ne, fomat ɗin ne ya share duk saitukan da ka yi shekarun baya ka manta ka taɓa yin su. Ɓacewar da ya yi bayan minti ashirin ita ta tona asirin, Windows ne ke sa ramin USB barci don tattalin batir.

Shiga Control Panel, Power Options, saitin ci-gaba na tsarin da kake kai, in ka ga USB selective suspend ka kashe shi. A wasu laftof ɗin ba ya fitowa a nan, ko ya fito ko bai fito ba ka koma Device Manager ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, duk wani USB Root Hub ka buɗe shi, shafin Power Management, cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar. Yanayin wuta ka sa shi a Best performance, caja a jone duk lokacin ɗauka, akwatin kuma kai tsaye a jikin laftof ba ta hob ba. Sai ka kashe Wi-Fi da Bluetooth ka sake gwadawa, direban Wi-Fi ya yi ƙaurin suna wajen riƙe firosesa na ɗan lokacin da ya isa bafa ta zube. In bai daina ba sauke LatencyMon ka bar shi yana gudu minti goma sha biyar, zai nuna maka direban da ke cin lokacin da sunansa.

Batun bafa kuma kada ka takura wa kanka da 128. A 48 kilohaz bafa 128 wajen milisakan 2.7 ce, 256 wajen 5.3, 512 wajen 10.7, kuma kai murya kake ɗauka ba kiɗan kibod ba, masu maganar suna jin kansu ta mikisar akwatin kai tsaye, jinkirin kwamfuta ba ya zuwa kunnensu sam. Sa 512 ranar Asabar ka huta.

Mai_Rikodin:

Na yi duka. Wi-Fi ɗin ne da barcin USB, ina kashe su na ɗauki minti arba'in da makirufo biyar a bafa 512 na saurara daga farko har ƙarshe babu ƙas ko ɗaya. Tambaya ta ƙarshe Yaya, in ranar ta zo na haɗa shi da sabo ta ADAT, akwai wani saiti da zan kiyaye ko jonawa kawai?

Injiniyan_Sauti:

Agogo. Kowace na'urar sauti ta dijital tana da agogon cikinta da ke ƙidaya mata lokaci, to na'urori biyu in an haɗa su dole ɗaya ya ja ɗaya ya bi, in kowa ya bi agogonsa ƙas-ƙas ɗin da ka gudu zai dawo. Tunda kebul ɗaya ne daga OUT na tsohon zuwa IN na sabon, tsohon ka bar shi a Internal, sabon ka sa clock source ɗinsa a ADAT, ka jira fitilar lock ta tsaya. Kuma tun yanzu da manhajarsa ke buɗuwa ka tsayar da shi a 48 ka sake adanawa a jikinsa, don in babu kwamfuta a kan abin da ka bar shi zai riƙa tashi, furojet ɗinka ma dole su zama 48.